Ciwon Haukan Kare Ba Ya Jiran Mai Gida Ya Dawo

Gidaje da yawa a Maiduguri suna ajiye kare don gadi, da kyanwa don maganin ɓera. Sau da yawa mai gida yana can Ikko ko Ibadan wajen neman abinci, ya bar iyali da dabbobin.

Kaska, tsutsar ciki da ƙazuwa duk suna da magani. A asibitin dabbobi na Jami'ar Maiduguri likita yakan auna jini ko kashi, ya gano cutar. Amma ciwon hauka, da zarar alamunsa sun bayyana, ba ya warkewa. Alamun kuwa su ne dalalar miyau, cizo ba dalili, da shanyewar ƙafafu. Ana tabbatar da shi ne ta binciken ƙwaƙwalwar dabbar bayan ta mutu, kamar yadda ake yi a Vom.

Saboda haka wajibi ne a yi wa kare da kyanwa allura tun suna wata 3, a riƙa maimaitawa kowace shekara. Wanda aka ciza, a wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar.

Mai aika kuɗin cefane gida ya haɗa da na allura. Rigakafi ya fi magani.