Rijiyar Ɗankama: mafarin sarautar Katsinar Maraɗi

Baƙon da ya sauka Maraɗi ya ji ana kiran sarkin garin Sarkin Katsina, yakan yi tambaya: ina Katsina, ina Maraɗi? Birnin Katsina yana ƙetaren iyaka, cikin Najeriya, kimanin kilomita 90 daga nan. Amsar tana cikin tarihin wani gida da ya rasa birninsa amma ya riƙe sunansa. Mafarin zuwan wanga gida Maraɗi kuwa wata mutuwa ce da ba a cika son ambatonta ba, mutuwar sarkin da ya kashe kansa.

Gidan Korau

Sarakunan Katsinar Maraɗi suna danganta kansu da Muhammadu Korau, wanda ya yi sarauta cikin ƙarni na 15. A hannun zuriyarsa Katsina ta zama birnin malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, ta kuma zama matattarar fatake. Ayarin Agadas da na Gadamas nan suke sauke kaya, su ɗauki fatu da tufafi da goro. Cikin ƙarni na 18 da wuya a samu kasuwar da ta fi ta Katsina a ƙasar Hausa.

A shekara ta 1804 Shehu Usman ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, jihadi ya tashi. A ƙasar Katsina malamai uku suka karɓi tuta: Umaru Dallaji, da Umaru Dumyawa, da Muhammadu Na Alhaji. Sarki Maremawa Mahmudu ya mutu a fagen daga, aka naɗa Magajin Halidu, wanda waɗansu ke kira Haladu. Ya hau gado birni na kewaye da mayaƙa, hanyoyin hatsi a toshe. Labarin da aka gada yana cewa yunwa ta kai mutane ga cin ƙadangaru da ungulu.

Wajen shekara ta 1807 sarki ya fita daga birni da sauran jama'arsa, ya yi sansani a Ɗankama, arewa da Katsina. Masu jihadi suka bi shi can, aka gwabza, aka ci garin. Da Magajin Halidu ya ga babu sauran tsayi, sai ya faɗa rijiya. Nan sarautar gidan Korau ta ƙare a cikin birnin Katsina.

Nauyi biyu

Wanga mutum bai daɗe bisa gado ba, kuma ba shi ya haddasa yaƙin ba. Amma a hannunsa gadon shekara fiye da 300 ya suɓuce, shi ne kuma za a nuna da yatsa. Ga basarake na wancan zamani, a kama shi da rai a ja shi gaban abokin gaba kunya ce mai bin ɗiya da jikoki. Ta ɗaya gefen kuma, Musulunci ya haramta wa mutum kashe kansa, haramci mai tsanani, ga sarki da talaka duka. Tsakanin waɗannan nauyi biyu labarinsa ya maƙale. Maroƙi ba ya iya yi masa kirarin jarumi, dangi ba su iya share shi daga jerin sarakuna. Don haka akan ambaci sunansa da sauri a wuce.

Gidajen talakawa ma sun san irin wanga shiru. Inda wani kaka ya yi irin wagga mutuwa, sau da yawa sai a ce wa yara ajali ne ya zo, a rufe zance. Jikoki su girma, wata rana su tsinci maganar a bakin maƙwabci wajen faɗa, ko a bakin mai binciken asali sa'ad da aka zo neman aure.

Wanda ya jira

Manyan fada da suka tsira daga Ɗankama suka naɗa Ɗan Kasawa, ɗan Sarki Agwaragi. Abin da ya gada shi ne daidai abin da ya karya zuciyar wanda ya gabace shi: ba birni, ba taska, ba rundunar kirki. Ya ja ragowar mutanensa zuwa ƙasar Damagaram, ya yi zaman baƙunci shekara da shekaru, sarki ne a suna, yana ci daga hannun wani sarki.

Ana nan sai Annan Gulbin Maraɗi suka gaji da mulkin Mani, wakilin sabbin masu Katsina. Suka tashi suka kashe shi, suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo. Wajen shekara ta 1819 ya zauna Maraɗi, da sunansa na Sarkin Katsina, da sarautun fadar kakanninsa: Ƙaura, Galadima, Ƴandaka, Durɓi, da Iya ta wajen mata.

Wahala ba ta ƙare nan ba. Sarki Rauda ya mutu a yaƙin Gawakuke cikin 1836, gaban rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ɗan Mari ya gaje shi, a zamaninsa Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta daga 1854 zuwa 1875, ya yi ta kai hari har ƙofofin Katsina. Birnin dai bai komo hannunsu ba. Da Faransa da Ingila suka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, Ɗankama ta faɗa wajen Ingilishi, Maraɗi wajen Faransawa. A cikin wannan aiki ne Landeroin, tafintan ayarin Tilho, ya rubuta tarihin gidan daga bakin dattawa. Ambaliyar 1945 ta sa gari ya hau tudu, sarauta ta hau tare da shi. Sunan Ɗan Baskore yana bisa wata lise ta Maraɗi, na Ɗan Kasawa kuma ƴan ƙwallo sun ɗauka.

Abin da ya shafi masu rai

Faɗuwa irin ta Ɗankama tana samun mutane har gobe. Akwai ɗan kasuwar da jarin ubansa ya karye a hannunsa, masu bashi na sallama tun da asuba. Akwai ma'aikacin da aka sauke daga muƙami, ya kasa haɗa ido da iyalinsa. Irin waɗannan mutane kunya kan rufe musu baki, su ƙaurace wa majalisa, su daina cin abinci da barci. Haƙƙin dangi ne su lura, su zauna da mutum su saurare shi ba da gori ba, su raba nauyin bashin in da hali, su kai shi ga likita in abin ya yi tsanani. Gidan da ke faɗa wa ɗiyansa gaskiyar abin da ya samu kakansu, cikin natsuwa da roƙa masa gafara, ya fi saurin gane alamun ga wani nasa.

Magajin Halidu ya ɗauka komai ya ƙare a bakin rijiya, alhali a cikin mutanen da suka gudu tare da shi akwai wanda zai kafa sabuwar Katsina. Hausawa suka ce in da rai da rabo. Tsakanin rijiyar Ɗankama da fadar Maraɗi, shekara 12 ce ko kusa da haka.