Ina Ungulu Ta Shiga?

Kakana ya ba ni labari cewa a zamanin ƙuruciyarsu, duk ranar da aka yi yanka a Batagarawa, kafin mahauta su gama fiɗa ungulaye sun cika wurin, har sai an sa yara kora. Ni kuwa yau shekarata 16, ban taɓa ganin ungulu a mahauta ba.

Ba a garinmu kaɗai abin ya tsaya ba. A shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai kula da halittu, wato IUCN, ta sa ungulun nan tamu cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Ana kama ta a sayar da kanta ga masu neman asiri, ana sa guba a mushe, an kuma sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Ga shi ƙwai ɗaya tak take yi a shekara.

Wani zai ce, to, mene ne abin damuwa da tsuntsuwar da ba a ci? Ai ungulu ba ta jewar banza. Ita ce duba-garin da ba a biya, domin tana cinye mushe tun bai yaɗa cuta ba. A ƙasar Indiya wani maganin shanu ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu. Sai karnuka suka gaje mushen, suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Dole gwamnati ta hana ba dabbobi maganin a 2006.

Gaskiya ne mai kama ungulu yawanci talaka ne mai neman abin sawa a baki. Amma kuɗin da ya samu na cefanen yini ɗaya ne, hasarar kuwa ta gari duka ce. Ban da haka, ba mu muka halicce ta ba, amana ce. Malaminmu na addini ya karantar da mu cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwa ɗaya da ta tsare har ta mutu. To, ina ga wanda ya ƙarar da iri ɗungum?

Saboda haka ina roƙon iyayenmu su bar sayen sassan ungulu, su kuma bar mata itatuwanta. Mu kuma ɗalibai mu ajiye danƙo. Allah Ya sa mu gane, amin.