Mata Masu Dubara: akwati mai kwaɗo uku a zamanin salula

Duk wadda ta taɓa zubin adashi a kasuwa ta san inda gizo ke saƙar: kuɗin jama'a na hannun mutum guda. In uwar adashi mai amana ce, to madalla. In ba haka ba, ranar kwasarki sai ki tarar ana ba ki haƙuri.

Tsarin da aka fara a jihar Maraɗi cikin shekara ta 1991 ya toshe wannan kafa. A lokacin ne ƙungiyar CARE ta zauna da matan karkara aka kafa Mata Masu Dubara. Ba wani jari aka kawo musu daga waje ba. Mata kamar ashirin zuwa talatin ke haɗuwa kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke, ko dala ashirin ce. Kuɗin na shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku dabam-dabam, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Da yake yawancin matan farko ba su yi lakwal ba, da ka suke riƙe lissafin, mako zuwa mako.

Daga cikin akwatin ne mai ƙosai ke rancen kuɗin wake, mai ƙuli-ƙuli ta sayi gyaɗa lokacin kaka tana da araha, ta biya da ɗan ƙarin da su da kansu suka amince. Akwai kuma ɗan asusu na gefe don rashin lafiya, haihuwa ko mutuwa. In shekara ta zagayo a raba. Wannan dubara ta Maraɗi ta bazu ƙasashe da dama na Afirka, har Asiya.

Yanzu salula ta shigo cikin lamarin. Ƙungiyoyi da yawa a birane sun buɗe zaure a WhatsApp, can ake sanar da ranar taro, can ake gaisuwar mutuwa. Wadda ta tafi saro kaya Kano ko Kwatano sai ta aiko zubinta ta Nita ko Al Izza. Mu da ke aikin rediyo ba mu ƙi wannan ba, don mun san wahalar tara mutane da sanarwa, balle mai rumfa da ba ta iya barin kayanta.

Amma ƴan uwa mata, ku duba da kyau. Kuɗin da aka aiko ta waya da sunan mutum guda yake zuwa, mutum guda ke zuwa karɓa. Makulli uku sun koma ɗaya ke nan. Kuma tsohuwar da ba ta da babbar salula, wadda watakila ita ta fi kowa riƙe lissafi, ba ta ganin abin da aka rubuta.

A ganinmu, ƙungiyar da ke son waya ta yanke doka tun farko. Duk abin da aka aiko, a kawo shi tare da rasit ranar taro, a ƙirga gaban kowa kafin ya shiga akwati. Sanarwa a yi ta da murya, don wadda ba ta karatu ta ji. Rance kuwa kada a bayar da shi ta waya, ko da shugabar ƙungiya ce ta nema.