Ƙarfin Zuciyar Mata Masu Shayi a Khartum

Duk wanda ya taɓa zama a Khartum ko Omdurman kafin yaƙin 2023 ya san matan da ake kira sittat al-shai, wato masu sayar da shayi. A gindin dogon yaro, a bakin Kogin Nilu ko a ƙofar kasuwa, mace za ta kafa murhun gawayi, ta jera kwalaben citta da kirfa da kanumfari, ta shimfiɗa ƴan kujeru tun kafin rana ta fito. Da yawansu fari ko yaƙi ne ya koro su daga Kordofan da Darfur, kuma da wannan buta suke ciyar da gida.

Sana'ar ba ta da kwanciyar hankali. Akwai abin da suke kira kasha, wato samame: ƴan sanda su sauko ba zato, su kwashe murhu da kujeru da kofuna, wani lokaci har da mai kayan. Dokar tsarin jama'a da jihar Khartum ta kafa a 1996 ta ƙara musu ƙunci, ba a soke ta ba sai a Nuwamban 2019. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda mace za a kwashe mata jari yau, bayan kwana kaɗan a gan ta a gurbinta tana hura wuta. Talauci ne ya tilasta ta, babu shakka. Amma talauci ba ya koya wa mutum tsayawa gaban hukuma ya yi magana ba tare da murya ta rawa ba.

Awadiya Mahmud Koko, wadda danginta suka fito daga Kordofan ta Kudu, ta soma sayar da shayi a 1986. A 1990 ta haɗa takwarorinta suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta mata masu shayi da abinci, domin su biya wa juna tara, su karɓo kayan da aka ƙwace, su sami mai tsaya musu a kotu. Bashin da ya hau kan harkar ƙungiya ya kai ta kurkuku shekara huɗu. Da ta fito sai ta koma kan aikinta. A 2016 gwamnatin Amurka ta ba ta lambar yabo ta mata jarumai, lokacin tana wakiltar mata kimanin 8,000.

Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura, na Jami'ar Stanford, ya yi bayani a 1977 a kan abin da za mu kira yarda da iyawar kai. Ya nuna cewa tushenta mafi ƙarfi shi ne abin da mutum ya taɓa yi da hannunsa ya ga ya yiwu, musamman idan ya sha wuya kafin ya yiwu. Na biye da shi, ganin wani irinka ya yi nasara. Yabo da ƙarfafa gwiwa suna baya, kuma da sauri suke zubewa idan babu aiki a ƙarƙashinsu. Matar da aka kwashe wa kaya sau uku ta sake tashi sau uku tana da shaida a hannunta, wadda ba wanda zai ƙwace. Maƙwabciyarta da ke kallo kuma ta ga abin ba na manya kaɗai ba ne. Hatta adashi, wanda a can suke kira sanduƙ, ya wuce tara kuɗi: kowane zubi yana tabbatar wa mace cewa tana cika alkawari, kuma in ta faɗi akwai hannun da zai ɗaga ta.

Bandura ya ƙara da batun jiki. Faɗuwar gaba da gumin tafin hannu suna zuwa wa kowa; bambancin yana ga fassara. Wadda ba ta saba ba za ta ce alamar kasawa ce, ta ja da baya. Wadda ta saba ta san jiki ne ke shiri.

A nan ne muke ganin gidajenmu na da gyara. Muna son ƴaƴanmu mata su yi kunya, kuma kunya ado ce; amma sau da yawa muna haɗa ta da tsoro. Yarinya ta soma lissafin cefane ta yi kuskure, sai uwa ta fizge kuɗin ta ce bari in yi da kaina. Ta buɗe baki gaban baƙi, sai yayanta ya amsa a madadinta. Daga baya mu zauna muna ce mata ke jaruma ce, alhali mun hana ta abin da zai sa ta gaskata maganar. Gara a bar mata aikin da ya ɗan fi ƙarfinta, a tsaya kusa, a kame hannu.

Lokacin zaman dirshan a gaban hedikwatar soja a 2019, Awadiya da abokan aikinta ne suka riƙa dafa wa dubban mutane abinci. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, kasuwanni suka rufe, unguwannin Omdurman da Khartum suka koma ga takaya, ɗakunan girki na jama'a da suka samo asali daga al'adar zawiyoyin Sufaye. A yawancinsu mata ne a bakin tukunya, suna auna wake da adas, suna ƙirga kwanukan da ke layi, ƙarar bindiga na tashi a unguwar gaba.