Tawadar Allah ta Cikin Ido da Yadda Ake Gane Ta

Kowane Bahaushe ya san tawadar Allah, wato ɗan baƙin tabon da akan gani a fatar mutum. To, akan sami irinta can cikin ido, a wata shimfiɗa ta jijiyoyin jini da likitoci ke kira koroid, wadda ke bayan tantanin gani tana ciyar da shi. Galibi ba ta ciwo, ba ta rage gani. Sai dai manomi daga Gaya ko Ajingi ya bi ta Wudil ya shigo Kano neman tabarau ko aikin yanar ido, alal misali a Asibitin Ido na ECWA da aka kafa a 1943, likita ya haska ƙwayar idonsa ya ci karo da ita.

Abin da likita ke son tantancewa shi ne ko tabon lafiyayye ne, ko kuwa mafarin sankara. Lafiyayyen tabo shimfiɗaɗɗe ne, launinsa toka-toka, kaurinsa bai kai milimita 2 ba. In an ga ɗige-ɗige masu ruwan ɗorawa a kansa, alama ce ta ya daɗe bai motsa ba. Amma in ya fara tudu, ko launin ruwan lemo ya bayyana a samansa, ko ruwa ya taru ƙarƙashin tantanin gani, ko mai shi ya soma ganin walƙiya da dishi-dishi, to akwai abin tsoro. Da hoton sauti ake auna kaurin. Ruwan kuwa, na'urar OCT, wadda aka fito da ita a Amurka a 1991, ita ke nuna shi ko da ɗan kaɗan ne.

Wannan sankara ta fi kama Turawa, ba kasafai take samun baƙar fata ba. Saboda haka a ƙasar Hausa wajibi ne a fara tuna wasu dalilai. Amosanin jini, wato sikila, yakan bar baƙin tabo mai tsage-tsage a tantanin gani, haka ma tsohon miki da ya warke. Bugu da ƙari, cikin idon baƙar fata ya fi duhu, tabon kan saje da shi.

Hoto ɗaya ba ya yanke hukunci, domin girma shi ne babbar shaida, kuma ba a gane shi sai an gwada hoton bana da na bara. A nan gizo ke saƙa: mutumin da idonsa ba ya ciwo da wuya ya bar gonarsa da damina, ya biya kuɗin mota zuwa Kano, don kawai a sake ɗaukar hoto.