Ɗamarar Harsashin Igwa: Gyara Ko Ha'inci?

A ƙasashen Faransa da Beljiyam, har yau garmar manomi tana tono harsasan igwa na Yaƙin Duniya na Ɗaya, watau na 1914 zuwa 1918. Ba abin mamaki ba ne, don kuwa a mako guda kafin gumurzun Somme na 1916 sojojin Ingila sun harba wajen miliyan ɗaya da rabi, da yawansu kuma ba su fashe ba.

To, akwai Turawan da ke sayen fankon waɗannan harsasai suna adanawa. Abin da ke damunsu shi ne ɗamara. Kowane harsashi yana da zoben jan ƙarfe kusa da gindinsa. Cikin bututun igwa an yi tsagi-tsagi a murɗe, idan an harba sai zoben ya nutse cikinsu, ya toshe hayaƙin albarushi, ya sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwa, ya tafi sak.

Da yaƙi ya ƙare, talakawan yankin suka bi filaye da guduma suna ɓamɓare ɗamarun, saboda jan ƙarfe ya fi baƙin ƙarfe kuɗi nesa ba kusa ba. Wasu a nan suka bar ransu. Shi ya sa harsasai da yawa suke tsirara.

Masu gyara sukan yanko sabon jan ƙarfe, su gasa shi ya yi laushi, su lanƙwasa shi cikin gurbin tsohon, su liƙe mahaɗar ta baya inda ido ba ya kaiwa. Aiki ne na maƙeri sosai. Amma fa ɗamarar asali shaida ce. Idan sumul take, ba a taɓa harba harsashin ba. Idan da zane, masani zai ƙirga tsagin ya gane irin igwar da ta harba shi. Wanda ya sa sabuwa ya gaya wa mai saye, ya yi gyara. Wanda ya zana mata tsagi da zarto, ya shafa mata tsufa ya yi shiru, a ganina ha'inci ya yi.

Duk wannan kuwa sai ga fankon da masana suka tabbatar babu komai cikinsa. Wanda aka tono a gona, manomin Beljiyam gefen hanya yake ajiye shi, sojojin kwance bam su zo su ɗauka, don wasu iskar guba ce a ciki.