Bayan Muryoyi Sun Lafa: Horar da Tunanin Mai Taɓin Hankali

A ƙauyuka irin na Makoda, idan hankalin ɗan ikkilisiya ya juya, sau da yawa wurin fasto ake fara kai shi kafin a yi maganar asibiti. Saboda haka ya wajaba mu san abin da ke gabanmu. Ɗaya daga cikin cututtukan nan shi ne wanda likitoci ke kira sikizofiriniya. Mai shi yakan ji muryoyin da babu mai jin su, ko ya kafe cewa ana ƙulla masa makirci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kusan mutum 1 cikin 300, kuma yakan fara ne a shekarun samartaka, daidai lokacin kama sana'a da shirin aure.

Abin da magani yake bari

Maganin da ake bayarwa a asibitin Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yakan kwantar da muryoyin. Amma yawanci akwai raunin da ke saura a wurare uku: tattara hankali, riƙe abin da aka faɗa, da tsara aiki. A aiki mutum ya sayo gishiri, manja da ashana, sai ya dawo da ɗaya. A kai shi gona, ya tsaya riƙe da fartanya ya rasa ta inda zai fara. Nan iyali sukan ce ragwanci ne, wasu kuma su ce addu'a ba ta kai ba. Gaskiyar ita ce, wannan rauni sashe ne na ciwon kansa.

Yadda horon yake

Don gyara wannan ne masana suka tsara horar da tunani. Ƙwararre yakan zauna da majinyaci sau biyu ko uku a mako na 'yan watanni, a takarda ko a kwamfuta. Ana farawa da abu mai sauƙi don kada kuskure ya karya masa gwiwa, a riƙa ƙara wuya kaɗan-kaɗan, ana maimaitawa. Ana koya masa dabaru, kamar raba aiki gida-gida da faɗin kowane mataki da baki kafin ya yi. A 2011, Farfesa Til Wykes ta Landan da abokan aikinta sun haɗa sakamakon bincike 40. Sun ga horon yana taimakawa matsakaici, kuma amfaninsa ya fi fitowa idan an haɗa shi da koyon aiki da zama cikin jama'a. A ƙasarmu, tun 1954 Dokta Adeoye Lambo ya nuna darajar jinya cikin jama'a a Aro, Abeokuta, inda majinyata suka zauna a ƙauye tare da danginsu.

Rabonmu a ciki

Mu ba likitoci ba ne, kuma ƙwararrun wannan horo ba su da yawa. Amma abin da aka koya a asibiti, a gida da gona yake kafuwa. Mu koya wa iyali su ba da umarni ɗaya a lokaci ɗaya. A ba shi aiki tsayayye: jera bencina ranar Lahadi, ba akuya ruwa, tsince gyaɗa. Idan ya iya kunya ɗaya, gobe a ƙara ta biyu. A yaba masa a fili, a gyara masa a keɓe. Kada mu taɓa sa shi ya bar magani don a gwada bangaskiya, domin barin magani yakan dawo da ciwon. Sarƙa da bulala kuwa ba su da gurbi a hidimarmu.

Tambayoyi don nazari

1. Yaya za ka bambanta ragwanci da raunin tunani?
2. Waɗanne ayyuka uku ne a ikkilisiyarka za a iya raba su mataki-mataki?